Na gama rubuta labarina na farko, in buga shi ko in fara saki a waya?

'YarKofarMarusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ni sabuwa ce a gidan nan, kullum karatu kawai nake ban taɓa cewa komai ba sai yau. Dan Allah shawara nake nema. Shekara biyu kenan ina rubuta wani labari, na fara shi a littafin makaranta mai falle 80 sai da na cika guda huɗu, daga baya na zauna na kwashe shi a waya, jiya da daddare na rubuta kalmar ƙarshe wlh har hawaye sai da na yi. Labarin wata yarinya ce da auren iyayenta ya mutu ta taso a hannun kakarta nan cikin birnin Katsina. To yanzu kaina ya ɗaure, ƙawayena sun ce in buɗe guruf a WhatsApp in riƙa saki kullum feji-feji idan ya karɓu sai in sa kuɗi, yayana kuma ya ce a'a littafi sai an riƙe shi a hannu yake zama littafi, shi zai taimaka mani da wani abu in kai maɗaba'a. Ni dai ban san ta inda ake farawa ba. Waɗanda suka riga mu dan Allah ku ce wani abu.

Maman_Biyu:
Wa alaikumus salam, barka ƙanwata, Allah ya sa albarka. Gama labari ba ƙaramin abu ba ne, da yawa a nan mun fara goma mun gama ɗaya. Ni dai ta waya na fara kuma har yau ta waya nake, zan dawo in yi maki bayani in na sallami yara makaranta.

TsohonAlƙalami:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi maki albarka. Kin kawo hanya biyu, ni kuma ta ukku zan ba ki: kar ki yi ko ɗaya daga ciki yanzu. Jiya kika gama, yau har yanzu labarin yana da zafi a zuciyarki, duk inda kika duba kyau za ki gani. Ki ajiye shi kamar wata guda ko kwana arba'in, kar ki buɗe shi ko sau ɗaya. Ranar da kika dawo ki karanta shi da murya, ba a zuci ba, kamar kina karanta wa wani. Duk inda numfashinki ya yanke kafin jimla ta ƙare to jimlar ta yi tsawo. Duk inda ke da kika rubuta kika ji kina so ki tsallake, to mai karatu ya daɗe da tsallakewa.

Ni na buga littafina na farko a 1998, lokacin duk wanda ya rubuta abu a nan Katsina, Kano yake nufa da shi, can ake bugawa can dillalai suke. Sati biyu tsakanin gama rubutu da kai shi wajen bugu, don zumuɗi. Da ya fito sai na tarar sunan ƙanin jarumar ya canza a tsakiyar littafi, a farko suna ɗaya a kashi na biyu wani suna daban, kuma kwafi dubu ne an riga an buga. Har yau in na tuna abin yana mani ciwo, don labarin mai kyau ne, gaggawa ce ta rage mashi daraja.

DanDutsinma22:
Baba gaskiya ne amma zamani ya canza fa, yanzu in ka ajiye labari wata daya wani ya rigaka fitar da irinsa. ni ina ganin ta sake shi kawai masu karatu su zasu fada mata inda gyara yake

MalamarHausa_Daura:
@DanDutsinma22 ɗana, kafin mu je ga maganarka dubi abin da ka rubuta: "su zasu fada mata". Mu a nan Daura in ka ce fada, gidan Sarki muka sani. Faɗa kake nufi. Kuma za su kalma biyu ce, ba a haɗe take ba. Ba don in kunyata ka na ɗauko ba, dama maganar da nake so in yi wa mai tambaya kenan sai ga misali ya zo da kansa.

'YarKofarMarusa, shekarata 19 ina koyar da Hausa a sakandare, kuma abin da ya fi kashe mani jiki a rubutun yaranmu na waya shi ne ƙa'idar rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, ba ado ba ne. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, kara daban ƙara daban. Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, yana da Hausa a ciki, ki shiga saitin harshe ki ƙara ta, haruffan duk suna nan.

Sai rabawa da haɗawa, nan ne kowa ke faɗuwa. Yana, tana, suna, yake, take, yakan, sukan duk a haɗe. Zan da zai a haɗe, amma za ta, za mu, za su, za a a rabe. Shi ne, ita ce, su ne a rabe. Na je, ta zo, mun tafi a rabe. Gidansa, motarta, littafina a haɗe. A kan tebur daban, akan yi haka daban. Waɗannan kaɗai in kika kiyaye su kin kawar da mafi yawan kurakuran da nake gani.

DanDutsinma22:
Na karɓi gyara Malama, na gode. Kin ga har na saka kibod ɗin. Amma maganata tana nan fa.

Maman_Biyu:
To na dawo. Baba TsohonAlƙalami ina tare da kai a maganar ajiyewa, amma bari in faɗi amfanin waya don kar a ce ba ta da shi. Ni ba ni da mai ba ni kuɗin bugu lokacin da na fara, wayata ce kawai da data. Labarina na farko kyauta na sake shi daga farko har ƙarshe, mutum 30 da wani abu muka fara a guruf, kafin in gama sai da na buɗe na biyu. Labari na biyu ma kyauta. Sai a na ukku na saki kashi na farko kyauta na sa kuɗi a sauran, kuma mutane suka biya saboda sun riga sun san ba na barin labari a hanya. Wannan ita ce babbar magana, amana. Masu karatu sun sha a karɓi kuɗinsu marubuciya ta ɓace a feji na 40 ta ce wayarta ta faɗa ruwa.

Ke kuma kina da abin da yawancinmu ba mu da shi, kin gama labarinki kafin ki fara saki. Mu da muke tayifin yau mu saki yau, masu kwamen ne suke juya mu, wannan ta ce a kashe kishiya waccan ta ce a mayar da auren, in ba ki da tsayayyar zuciya sai ki wayi gari labarin ba naki ba ne. Don haka @DanDutsinma22 ban yarda masu karatu su ne masu gyara ba. Su abin da suke so za su faɗa maka, ba abin da labarin yake bukata ba.

Illarta kuma sata. Yau ki saki, gobe ki gan shi an haɗa dokumen an cire sunanki ana rabawa, wani ma ya karanta shi a YouTube yana samun kuɗi ko sallama bai yi maki ba. Ya faru da ni, na yi kuka na gaji.

Ɗalibin_Shari'a:
Anti Maman_Biyu Allah ya mayar da alheri. Bari in ɗan sa baki a nan don mutane da yawa suna ɗauka sai ka yi rajista kake da haƙƙi a kan rubutunka. Ba haka ba ne. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, da zarar ƙirƙirarka ce kuma ka rubuta ta, a takarda ko a waya, haƙƙin ya zama naka, kuma yana nan tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka, magada su ci gaba da shi. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ba dole ba ce, amfaninta hujja ce ranar rigima. 'YarKofarMarusa waɗannan littattafan makaranta guda huɗu kar ki yar da su, kar ki bari a kunna wuta da su, rubutun hannunki ne. Kuma yau ɗin nan ki tura wa kanki labarin ta imel, kwanan wata zai zauna a kai. In wani ya zo yana so ya karanta a rediyo ko YouTube ko ya mayar da shi fim, a rubuta yarjejeniya, a faɗi me aka ba shi izni a kai, na tsawon wane lokaci, nawa zai biya. "Ai mun san juna" ita ke kashe marubuta.

Zee_Kwado:
Maganar imel ɗin nan ku riƙe ta da kyau. Ko manhajar da kake ganin ta kafu tana iya rufewa, OkadaBooks da marubutanmu da yawa suke sa littattafai an rufe ta a ƙarshen Nuwamba 2023. Wattpad ko wata manhaja wurin baje kaya ce, ba wurin ajiya ba. Ki ajiye kwafi a wuri biyu ko ukku.

Abba_MaiƊab'i:
Salam. Ni aikin bugu nake a nan cikin gari shekara 11, bari in faɗi abin da na sani ko da zai rage mana kasuwa. Hajiya in kin tashi bugawa kar ki fara da kwafi dubu. Da can dole ne saboda sai an yi faleti, wato farantin da ake fitar da rubutun a kansa a ɗaura wa injin bugu, kuma kuɗin faleti ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, shi ya sa kowa ke cewa a buga da yawa don kowane kwafi ya yi sauƙi. Yanzu akwai injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, za ki iya yin 50 ko 100 ki gwada kasuwa, kowane kwafi zai fi tsada amma ba za ki tara kaya a ɗaki ba.

Abubuwan da za ki tambaya: wace takarda za a sa a ciki, mai giram 60 ko 70, don mai 60 wani lokaci rubutun baya yana lekowa. Bango wane kati ne kuma za a yi mashi lamineshin, wato a lulluɓe shi da leda, ko a'a. Ɗinki da fin ne ko da gam, littafi mai kauri fin ba ya riƙe shi. Yawan shafuka in ya tashi a kan 16, wato 96 ko 112 ko 128, ya fi sauƙin lissafi don haka ake naɗe takardar. Ki je wuri ukku ki ji farashi a rana ɗaya saboda kuɗin takarda ba ya zama wuri guda. Mafi muhimmanci, kar ki yarda a buga gaba ɗaya sai an ba ki kwafi ɗaya na gwaji kin karanta shi tun daga bango har bango kin sa hannu. Ki duba ƙ da ɗ da ɓ da kyau, wasu nau'in haruffan kwamfuta ba su da su sai su fito kamar akwati ko su fi sauran girma. Kuma mu masu bugu ba masu gyaran Hausa ba ne, abin da kika kawo shi za mu buga.

TsohonAlƙalami:
Malam Abba Allah ya saka. Da na sami mai faɗa mani maganar kwafin gwaji a 1998 da ban shiga abin da na shiga ba. In ƙara da cewa bugu ba shi ne wahalar ba, sayarwa ce. Dillali zai karɓi kaya ya ce sai an sayar, ka yi ta sintiri kana kashe kuɗin mota, a ba ka kaɗan yau kaɗan bayan wata ukku. 'Yata kafin yayanki ya fitar da kuɗinsa ki zauna ki rubuta sunan mutum ko wurin da zai sayi kwafi 50 na farko. In ba ki iya cika lissafin ba to lokacin bugu bai yi ba.

Ɗalibin_Shari'a:
In za a buga kuma a nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lamba 13, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita a Nijeriya. Kar a bari a kwafo ta wani littafi a manna maki a bango, ana yi. Bayan bugu doka ta ce a kai masu kwafi ukku su ajiye.

MaiKaratuKawai:
Ni ba marubuciya ba ce, mai sayen littafi ce tun ina aji biyu na sakandare, to bari ku ji daga bakin mai biyan kuɗi. Abin da ya ja ni a tambayar yarinyar nan shi ne ta ce labarin a cikin birnin Katsina yake. Wlh na gaji da labarin da jarumi ɗan shekara 27 yake da kamfani a Dubai da jirgin kansa, jaruma kuma fara sol mai gashi har gadon baya. Marubuciya tana zaune a Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa amma ba za ta taɓa rubuta layin gidansu ba. Ina labarin mai kai niƙa, ina na matar da ke dama fura tana biya wa yara makaranta, ina na ɗan kasuwar da ke bin Mai'aduwa da Jibiya da Charanci? Ki bar yarinyarki a gidan kakarta dan Allah, kar a zuga ki ki kai ta Landan a kashi na biyu.

DanDutsinma22:
Anti amma fa irin na Dubai ɗin su ake saye. Mutum yana cikin wahala kuma ya sayi data ya karanta wahala?

MaiKaratuKawai:
Ba wahala na ce a rubuta ba ƙanena, gaskiya na ce. A gidan talaka ma ana dariya ana soyayya ana biki. Wanda ya iya ba da labari ko a zaure ɗaya ya tsare ka sai ka kai asuba.

Nas_Hauwa_KT:
Tunda an zo nan bari in sauke abin da ke raina. Marubuta dan girman Allah in za ku rubuta asibiti ku tambayi ma'aikatan asibiti. Sai ka ga an rubuta likita ya taɓa hannun mace ya ce tana da cikin sati biyu, ko wanda ya yi wata shida a sume ya farka ya miƙe ya ja mota. Wanda ya daɗe a kwance haka ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba sai an yi ta gashi da motsa jiki. Mutane suna ɗaukar abin da suka karanta da gaske, na taɓa samun wadda ta ƙi shan maganinta saboda abin da ta gani a labari. Haka kotu, haka rabon gado, haka idda da saki, a tambayi malamai. Labarinki tunda akwai mutuwar aure a ciki ki tabbatar maganar riƙon yarinya kin tambayi wanda ya sani.

Bakatsine_Zalla:
Ni tawa tambayar ga Malama ce. Kin ce a bi ƙa'ida, to ita kakar da ke cikin labarin nan tsohuwa ce ta cikin birni, in ta buɗe baki ta yi Hausar Kano ai an kashe ta. Tsohuwarmu cewa za ta yi "hwaɗa mani gaskiya ɗiyata", ba "faɗa min" ba. Kullum sai a ce Hausarmu kuskure ce a gyara.

MalamarHausa_Daura:
Malam Bakatsine ba wanda ya isa ya ce Katsinanci ko Dauranci kuskure ne, karin harshe ne, kuma daidaitacciyar Hausa an fi gina ta a kan Kananci don a sami abin da kowa zai haɗu a kai a rubuce. Yadda nake koya wa ɗalibaina: muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciya, amma in tauraro ya buɗe baki a bar shi ya yi maganar garinsu. Kaka ta ce hwaɗa, ta ce wanga, ta ce mashi. Sharaɗi ɗaya, in ta fara da haka ta ƙare da haka, kar ta zama Bakatsina a babi na ɗaya Bakanuwa a babi na biyar. Kuma karin harshe bai ba ka iznin rubuta zasu a haɗe ba.

Bakatsine_Zalla:
To ni ko muryar mai ba da labarin ma ban ga laifi ba in ta yi Katsinanci. Amma na ji, mu bar shi nan kar mu kauce wa yarinya da tambayarta.

TsohonAlƙalami:
Tunda an taɓo Katsina bari in tuna wa yaranmu wani abu. A 1933 Ofishin Fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina, shekarunsa 22 kacal, da Ruwan Bagaja, da kuma yayansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki. Abin da nake so 'yata ki lura da shi, shi kansa Imam rubutunsa sai da ya bi ta hannun edita, East ya zauna da shi an duba an gyara, kuma daga irin wannan zama ne ya ƙware har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. In wannan bawan Allah ya zauna an duba mashi aiki, ni da ke ba mu da dalilin jin haushi in an ja mana jan biro.

Ki nemi mutum biyu. Ɗaya wanda ya san ƙa'idar rubutu, malaman Hausa suna nan a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da makarantun sakandare, kuma in ya yi maki aiki ki biya shi haƙƙinsa. Ɗaya kuma mai yawan karatu wanda ba ya jin nauyinki. Ƙawa da 'yar uwa ba sa cikin lissafi, su "ya yi daɗi wlh" kawai za su ce. Ki kuma nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jiha, tun 1981 aka kafa uwar ƙungiyar, zama da marubuta ido da ido yana koyar da abin da guruf ba ya koyarwa.

'YarKofarMarusa:
Innalillahi, ban zaci zan sami amsa haka ba, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na ji, zan ajiye shi. Yaya Ɗalibin_Shari'a na tura imel ɗin yanzu. Tunda an ce a nemi wanda ba ya jin nauyi, ga yadda na buɗe labarin ku faɗa mani gaskiya:

"Wata kyakkyawar yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha biyu, fara ce doguwa mai dara-daran idanu da dogon hanci, kallo ɗaya za ka yi mata ka san tana cikin damuwa. Asalin mahaifinta mutumin Katsina ne, su bakwai ne a wajen mahaifinsu, shi ne na ukku."

Maman_Biyu:
Ƙanwata kar ki ji haushi, wannan buɗewar na karanta irinta ta fi sau ɗari, ni ma da ita na fara. Ba abin da ya faru a ciki. Kin ce tana cikin damuwa amma ban ga damuwar ba, faɗa mani kawai kika yi. Kuma tun ban damu da yarinyar ba kin fara jero mani dangin ubanta. Asali ki bari ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan a bakin mutane. Tambaya ɗaya: wace rana ce rayuwar yarinyar nan ta juye? Daga ranar za ki fara.

MaiKaratuKawai:
Kuma dole sai ta zama fara mai dogon hanci?

'YarKofarMarusa:
Hmm Anti wlh a raina ba fara ba ce, wata yarinya nake gani da muka yi Islamiyya tare, baƙa ce siririya mai wushirya. Na ga kowa haka yake rubutawa ne. Ranar da rayuwarta ta juye kuma tana babi na ukku, ranar da aka kawo ta gidan kakar. Bari in gwada:

"A bayan mashin aka kawo ta, da kayanta a cikin buhun shinkafa. Kawu bai ko kashe mashin ɗin ba, ya sauke ta a ƙofar zaure ya ce ta shiga ta gaida Inna, zai dawo da la'asar. Sai da aka kira isha'i tana zaune a dakalin tana jiran ƙarar mashin."

MalamarHausa_Daura:
Masha Allah. Kin ga ba ki ce tana cikin damuwa ba amma ni nan sai da gabana ya faɗi. Wannan buhun shinkafar ya fi dara-daran idanu aiki. Babi na ɗaya da na biyu ki duba ko akwai abin da zai ɓace in an cire su gaba ɗaya.

'YarKofarMarusa:
Malama cirewa kuma? Wata ukku na yi a kansu fa.

TsohonAlƙalami:
Da zafi 'yata, na sani. Kar ki goge, ki kwashe su ki ajiye a wani fayil daban, wata rana wani abu daga ciki zai yi maki amfani a wani labarin. Amma ba yau za ki yanke wannan hukuncin ba, sai bayan kwana arba'in ɗin.

Zee_Kwado:
Kafin nan kar hannunki ya yi sanyi, ki gwada gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta don mata, kalma 1000 zuwa 1500 ake nema, ki riƙa bibiyar sanarwarsu ki karanta sharuɗɗan shekarar da kyau. Ko ba ki ci ba, matse labari a kalma 1500 zai koya maki yadda ake zubar da abin da ba dole ba. Ni sau biyu na shiga ban kai ko'ina ba amma rubutuna kafin nan da bayan nan ba ɗaya ba ne.

DanDutsinma22:
To ni har yanzu ba a amsa ainihin tambayar ba fa, bugu ko waya? Ni dai ina nan a kan waya. In ta tara masu karatu ai su ne za su sayi na takardar.

Abba_MaiƊab'i:
Wanda ya karanta kyauta a waya da wuya ya sake sayen na takarda, na ga waɗanda suka gwada. Sai dai ta saki rabi ta riƙe rabi.

Maman_Biyu:
Malam Abba ni kuma na ga akasin haka, masu karatuna su suka dame ni in buga don su ajiye a gida su ba 'ya'yansu. Ya danganta da irin labarin. Irin nata na kaka da jika ina ganin iyaye za su saya, har makarantu ma in Hausar ta tsaftata.

Bakatsine_Zalla:
Ni abin da nake jira in ji, Kawun ya dawo ko bai dawo ba?

'YarKofarMarusa:
Malam Bakatsine sai bayan shekara shida. Yaya ya ce kuɗin bugun zai riƙe su har in shirya, na ce a cire wani abu a ciki a biya mai gyara. Malama in ba damuwa zan bi ki ta akwatin sirri, ina da 'yar uwa a Daura kusa da Kusugu, in na zo hutu sai in kawo maki littattafan huɗu ki gani da idonki.

MalamarHausa_Daura:
Ba damuwa 'yata, ki zo da su, amma ki bari sai mun gama jarrabawar zango. Ki fitar da na wayar a takarda kuma a bar fili tsakanin layuka, da jan biro nake aiki ba na iya gyara a waya.